Ƙanena ya haɗa gem mai ban tsoro, in zuba masa jari kafin Oktoba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, ina sayar da kwamfutocin tafi-da-gidanka na hannu. Ƙanena ya gama karatun kwamfuta, kuma ya haɗa wani ɗan gajeren gem mai ban tsoro wanda mutum zai buga ya gama cikin minti 40. Ya ce a ƙarshen Oktoba Turawa kan kwana suna buga irin waɗannan ɗaya bayan ɗaya, don haka in ba shi naira miliyan ɗaya da rabi ya ƙarasa shi, ya sa a Steam, shagon sayar da gem na intanet, kafin lokacin. Yanzu muna tsakiyar Satumba, kuma kuɗin daga jarina za su fito. In ba shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya saka maka da alheri da ka ɗauki aikin yaron da daraja, don da yawan yayye da sun ji an ce gem sai su kau da kai. Amsata a taƙaice ita ce ka taimaka masa, amma kada ka ba shi miliyan ɗaya da rabi yanzu, kuma kada ku ɗaura niyyarku a kan Oktoban bana.

Abin da ya faɗa maka game da lokacin gaskiya ne. A Amurka da Ingila da wasu ƙasashen Turai ana bikin Halloween ranar 31 ga Oktoba, kuma tun farkon watan mutane ke shiga neman abin da zai tsorata su. Masu buga gem kai tsaye a YouTube da Twitch sukan jera gajerun wasannin ban tsoro guda biyar ko shida a zama ɗaya, saboda kowanne awa ɗaya ne ko ƙasa da haka, mai kallo zai ga farko ya ga ƙarshe. Shi ma kamfanin Valve, mai Steam, yakan yi bajekolin rangwame na wasannin ban tsoro a ƙarshen watan, wanda yake kira Scream Fest. Bikin ba namu ba ne, kuma ba sai kun yi shi ba. A wurinku kakar ciniki ce ta wasu mutane, sai ku dube ta da idon ɗan kasuwa.

To amma duba waɗanda suka yi suna a wannan fanni, ka ga lokacin da suka fito. Five Nights at Freddy's na Scott Cawthon ya fito a Agustan 2014. Iron Lung na David Szymanski a Maris ɗin 2022. The Exit 8, na wani ɗan Japan mai aiki da sunan Kotake Create, a ƙarshen Nuwamban 2023, bayan an gama bikin da wata guda. Buckshot Roulette na Mike Klubnika ya fara bayyana a itch.io, wani shafin da masu haɗa ƙananan wasanni ke sa aikinsu, a Disamban 2023, sai a Afrilun 2024 ya shiga Steam. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya fito a Oktoba. Kakar tana sayar da gem ɗin da aka riga aka sani ne, wanda mai tsara jerin daren nan ya taɓa jin sunansa ya ajiye a ransa. Kai ka fi ni sanin cewa mai kiwon ragon Layya ba a satin Sallah yake fara ba shi dusa ba. A shekarar 2024 kaɗai sabbin wasanni sama da 18,000 ne suka shiga Steam, kuma masu ban tsoro sun fi yin cincirindo a Oktoba. Gem ɗin da babu wanda ke jiran sa, in ya faɗa cikin wannan turmutsitsi, ko ƙurarsa ba za a gani ba.

Ko dokokin shagon ma ba su ba ku wannan gaggawa ba. Kafin a sa gem a Steam ana biyan dala 100 a kan kowane ɗaya, kuma sabon shiga sai ya jira wasu makonni daga ranar da ya biya kafin a bar shi ya saki gem ɗin. Dole kuma shafin tallan gem ɗin ya kasance a buɗe, ɗauke da alamar yana nan tafe, na aƙalla mako biyu. Ga tantance sunan mutum da asusun banki da takardar haraji, ga duba shafin da gem ɗin kansa da ma'aikatan Valve za su yi. In kun biya yau, kuma komai ya tafi daidai, sai cikin Oktoba za ku iya fitowa, da gem ɗin da aka ƙarasa a gurguje. Sannan sabon gem ba a yi masa rangwame a kwana 30 na farko, in ban da ragin ranar fitowa.

Yanzu mu zo ga lissafi, don nan ne nake so ku zauna tare da takarda da biro. Gajerun wasannin nan araha suke: The Exit 8 ya fito a kan dala 3.99, Buckshot Roulette dala 2.99 a Steam, Five Nights at Freddy's dala 4.99. Mu ɗauka naku dala 4 ne. Valve na ɗaukar kashi 30 cikin 100, saura dala 2.80. Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, don haka duk abin da aka saya daga Amurka za a sake cire kashi 30 na haraji daga rabonku, ya koma dala 1.96. A ƙasashen Turai akwai harajin kaya da ake fara cirewa daga farashin, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuma ana sayarwa ne a kan farashin da aka rage musu. In ka ɗauki dala 2 a matsayin abin da zai shigo hannunku a kan kowane kwafi, ba ka yi nisa da gaskiya ba. Ka mayar da miliyan ɗaya da rabin nan dala a farashin ranar, ka raba gida biyu. Abin da ya fita shi ne adadin mutanen da sai sun saya kafin uwar kuɗinka ta dawo, kuma za ka ga ɗaruruwa ne. Yawancin ƙananan wasannin farko ba sa kaiwa nan. Ita dala 100 ɗin ana mayar da ita, amma sai gem ɗin ya yi cinikin dala 1,000.

Akwai kuma wata ƙaya da ta fi sukar gajeren gem, wadda ban ji ƙanenka ya ambata maka ba. A Steam, duk wanda ya sayi gem yana da damar neman a mayar masa da kuɗinsa cikin kwana 14, muddin bai buga shi fiye da awa 2 ba. Naku minti 40 ne. Ke nan mutum zai iya saye, ya buga har ƙarshe, ya ji daɗinsa, sannan ya karɓi kuɗinsa. A Agustan 2021 mai haɗa Summer of '58, wanda ke aiki da sunan Emika Games, ya fito ya ce zai dakata da sana'ar saboda yawan masu yi masa haka, alhali masu sharhi sun yaba gem ɗin. Wasu kan ce mafita ita ce a ja gem ɗin har ya wuce awa biyu. Ni ban yarda ba, don tsoron da aka ja ya yi tsawo gundura yake komawa, mummunan sharhi kuma ya fi mayar da kuɗi illa. Ku rubuta tsawonsa ɓaro-ɓaro a shafin talla, ku sa farashin da mutum zai ji kunyar dawowa neman sa.

Duk da haka ba na so ka fita da tunanin cewa yaron shirme yake. A duk nau'o'in gem, wannan na cikin waɗanda mutum ɗaya mai ƙaramin jari zai iya yi, domin tsoro ba ya buƙatar fili mai faɗi. A Iron Lung, ɗan wasa na cikin wani jirgin ƙarƙashin ruwa ne mai tsatsa, mai ɗaki ɗaya, an toshe tagarsa. Ba ya ganin waje sai ya je can baya cikin jirgin ya danna maɓalli, kyamara ta ɗauko masa hoto mai dishi-dishi, baƙi da fari. Sauran duk ƙarar ƙarfe ce da abin da zuciyarsa ke raya masa. The Exit 8 kuwa lungu ɗaya ne na tashar jirgin ƙasa, mai farin tayil, ana ta maimaita shi, wani mutum riƙe da jaka yana wucewa. In ka lura wani abu ya canza ka juya, in ba ka ga komai ba ka ci gaba. Dabara ce ta sayar da su, ba tsadar kayan aiki ba. Manhajar haɗa gem ma akwai ta kyauta: Godot ba a biyan ko sisi, Unity ma kyauta ce ga wanda kuɗin shigarsa bai kai dala 200,000 a shekara ba. Shi ya sa nake so ka tambaye shi dalla-dalla me zai yi da miliyan ɗaya da rabi. Kwamfuta kuwa kai ne mai ita.

In har yana da abin da zai bambanta shi da dubban nan, to a inda ya taso yake. Masu buga waɗannan wasanni sun gaji da tsohon asibiti da dajin Amurka. Ba su taɓa tsayawa a zauren tsohon gidan ƙasa da dare ba, an ɗauke wuta, fitilar ƙwai na lumshewa, ga guga na motsi a bakin rijiya ba tare da kowa a wurin ba. Ya yi amfani da wannan, amma ya kiyaye: kada ya sa ayar Alƙur'ani ko kiran salla su zama kayan tsoratarwa. Rubutun ciki kuma ya zama da Turanci mai kyau, tunda can masu sayen suke, Hausa ta zo a matsayin zaɓi.

Ga yadda zan yi da ni ne kai. Wannan Oktoban ku mayar da shi na gwaji. Ya yanki minti 10 ko 15 mafi kyau na gem ɗin, ya goge su sosai, ya sa a itch.io kyauta. Can ba a biyan kuɗin shiga, kuma ƙananan masu YouTube na zuwa can farautar sabon abin da za su nuna. Haka mai Fears to Fathom ya yi a 2021, kashi na farko kyauta ya bayar, sai na bayansa ya sa wa farashi. A lokaci guda ka biya masa dala 100 ɗin nan, ya buɗe shafinsa a Steam, domin duk wanda ɗanɗanon ya burge ya je ya sa gem ɗin a jerin abin da yake jira. Ranar da aka saki gem, Steam na aika wa waɗannan mutane saƙo, kuma yawansu shi ne ma'auni mafi gaskiya da za ka samu kafin ka ƙara kuɗi. Bajekolin ɗanɗano na Steam, wato Next Fest, sau uku ake yin sa a shekara, Fabrairu da Yuni da Oktoba, kuma sau ɗaya kowane gem ke shiga. Ya nufi na Fabrairu ko Yuni, ya saki gem ɗin bayan nan, Oktoban baɗi ya same shi da suna da sharhi, ya shiga rangwame.

Kuɗin da za ka fitar a wannan zango bai wuce na shiga Steam, da data, da man janareta, da ɗan abin biyan mai zanen hoton shafi da mai haɗa sauti ba. Sautin nan kada a yi masa rowa, rabin tsoron a kunne yake. Kuma kowane kiɗa ko hoto da zai sa ya tabbata yana da lasisinsa, domin mai YouTube ba zai taɓa gem ɗin da zai jawo masa ƙarar haƙƙin mallaka ba. Sauran kuɗin ka riƙe su a shago suna juyawa, ka riƙa saki kashi-kashi gwargwadon abin da ka gani da idonka.

Da zarar shafin ya fito, saƙonni za su fara shigo masa daga masu cewa su shahararrun masu YouTube ne, a ba su lambar buɗe gem kyauta. Da yawansu 'yan damfara ne, sayar da lambobin suke yi. Shi ya je tasharsu da kansa ya duba adireshin da suka sa.

Sai maganar da 'yan'uwa ba sa son yi. Steam na biya ne da dala ta banki, wata-wata, idan kuɗin sun kai dala 100, kuma sunan da ke kan asusun bankin dole ya zo daidai da na wanda ya yi rajista. Wato duk wanda sunansa ke kai, hannunsa kuɗin za su shiga. Tun kafin ka ba da ko kwabo ku zauna gaban shaidu biyu ku rubuta: kuɗin nan kyauta ne, bashi ne, ko jari? In jari ne, kai da kuɗi shi da aiki, to ku yanke rabon riba da kaso, misali rabi da rabi bayan uwar kuɗi ta dawo, ku kuma rubuta cewa in an faɗi ba tare da sakacinsa ba, kai ka yi asarar kuɗi shi ya yi ta wahalarsa. Ku sa har da wanda ya mallaki sunan gem ɗin idan an zo yin na biyu. Allah ya sa albarka, ya buɗa wa yaron.