Kwanon tuwo da kuɗin haraji

Ɗana,

Saƙonka ya iso. Na yi dariya har matar kawunka ta leƙo tana tambayar ko lafiya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wai kana son sanin ko dole ne mutum ya riƙa fitar da kwanon tuwo waje da dare kamar yadda ka taso ka ga ana yi a gida, tunda gwamnati na yanke haraji a albashinka tun kafin ya zo hannunka, kuma kula da mabuƙata aikinta ne. Ka ce wani abokinka na ofis yana cewa sadaka ce ke lallashin talaka ya manta da haƙƙinsa, wani kuma yana cewa tallafin gwamnati ne ke koya wa mutane zaman kashe wando.

Ka gaya wa abokan naka, tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta. Wannan gardama a zauren gidanmu na fara jin ta, tsakanin kakanka da ƙanensa, Baffanmu, kuma har ƙasa ta rufe idonsu ba wanda ya sauka daga kan bakansa.

Kakanka ɗan jam'iyyar NPC ne tun zamanin Sardauna, mai taken Salama da alamar fartanya. Maganarsa kullum ita ce bin na gaba bin Allah. Baffa kuwa NEPU ya shiga tun tana jaririya, ba da jimawa ba bayan kafa ta a Kano a 1950, ya sha ɗauri saboda kiran Sawaba a bainar jama'a. Duk sanda Baba ya ce bin na gaba bin Allah, sai Baffa ya ce, "In na gaban ya bi Allah ba, Yaya." A kwano ɗaya suke cin tuwo, suna ci suna wannan.

Sai ga farin 1973, shekarar da naira da kwabo suka kori fam da sule. Ina saurayi a lokacin, uwarka kuwa ba ta daɗe da sauka daga goyo ba. A ƙauyenmu, can arewa da Ɗambatta, ruwa ya ɗauke gero na shirin fitar da kai, gonar da ke ba da dami ɗari ba ta ba da abin kirki ba. Buzaye da Fulani suka riƙa gangarowa daga arewa da shanu duk haƙarƙari a waje, ana sayar da saniya a kuɗin da a da ko tunkiya ba za ka samu ba. Kafin bazara ta tsaya mata sun koma tafasa da yaɗiya da dusa. Na ga dattijai masu mutunci suna tonon gidan tururuwa don ɗan hatsin da ke ciki. Tsofaffi suka ce rabonsu da ganin irin haka tun Kakalaba, yunwar 1914.

Baba yana da rumbun tsimi, wanda ba a taɓa shi sai ta ɓaci. Wani dare bayan isha'i ya tashe ni da yayana, ya sa muka kafa tsani muka ɗaga jinkar, ya hana a kunna fitila. Aka sauko da dammunan hatsi, mata suka yi ta sussuka cikin dare a hankali. Daga nan kowane dare sai a cika ƙwarya a rufe da faifai, a ce mu kai gidan wane. Umarnin da ya ba mu shi ne kada mu yi sallama da mai gida, mu miƙa wa uwargida ta bayan danga, mu ce Baba ya ce ga ajiyarsa. Ajiya fa, ka ji. Washegari ya haɗu da mai gidan a masallaci su gaisa kamar ba abin da ya faru. Yana cewa wanda ka ciyar kuma ka sa ya sunkuyar da kai, ka riga ka karɓi kuɗin tuwonka.

Da Baffa ya gano, sai ya zo zaure yana faɗa. Wai Yaya kana rufa wa En'e, hukumar sarakuna, asiri. Shekara da shekaru ana kama mu kan haraji, ana shanya mutum a rana, ana ƙirga wa Bafulatani shanu a karɓi jangali, to yau ina kuɗin? Kai ka buɗe naka rumbun, su nasu baitulmalin a kulle. Baba bai tanka ba sai da ya gama, sannan ya ce, "To ka je ka gaya wa cikin yaran can su jira amsar takardarka." Abin da Baffa bai sani ba, mun san akuyarsa biyu da suka ɓace daga turke a gidan wa aka ci su.

Ana nan sai motar gwamnati ta zo da hatsin agaji. Aka sauke a ƙofar gidan dagaci, aka ce a yi layi, malami na kiran suna da ƙarfi, ana auna wa kowane mai gida da tiya. Baba ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai tsaya a kira sunansa a gaban jama'a ba. Baffa kuwa ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya kafa hula, shi ne na farko a layi. Ya tsaya kan mai awo yana duba ko tiyar ta cika, ya sa aka sake auna wa wani makaho da aka yi wa ƙwange. Da aka ce masa kai ma da kake da ɗan abin hannu, sai ya ce, "Wannan ba sadaka ba ce, kuɗina ne ya dawo." Ya karɓi nasa, ya wuce da shi kai tsaye gidan wata gwauruwa mai marayu ya juye mata. Da dare suka zauna kan kwano ɗaya, Baba na ce masa maroƙi, shi kuma yana ce wa Baba ɗan koren sarakuna.

Na daɗe ina juya wannan rana a raina. Rumbun Baba ya riƙe unguwa ɗaya, ita ma da ƙyar, ya ƙare kafin sabon gero. Hatsin gwamnati ya zo a makare kuma bai kai ko'ina ba. Amma a waɗannan shekarun ne Gwamna Audu Bako yake gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama ta a 1974, kuma shinkafa da tumatir ɗin da ake nomawa a Kura da Kadawa har yau ruwanta suke sha. Duk kyautar mai kyauta ba za ta tare kogi ba. Nan kam Baffa ya fi Baba gaskiya, ko da yake ban taɓa faɗa a gaban Baba ba.

A 1979 da PRP ta Malam Aminu Kano ta ci Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, Baffa har hawaye ya yi. Baba ya taya shi murna, sannan ya ce, "To yanzu in an sake fari, da wane baki za ka ce kuɗinka ne?" Kai da ake yanke wa a albashi, kana da wannan bakin. Ban ji ka taɓa cewa ka je ka tambayi kansilanku ko ɗan majalisarku abin da aka yi da shi ba. Ƙorafi a waya kawai na sani.

Batun zakka kuwa kada ka haɗa shi da wannan. Ita farilla ce, ɗaya cikin arba'in na kuɗin da ya kai nisabi ya shekara, dami ɗaya cikin goma na noman damina in ya kai nisabi, kuma Allah da kansa ya lissafa masu cin ta kashi takwas a Suratut Tauba. Haraji ba ya sauke maka ita, ka tambayi duk malamin da ka yarda da shi. In ka ga dama ka kai wa Hukumar Zakka da Hubusi, in ka ga dama ka raba da hannunka.

Abin da ke damuna da zamaninku shi ne kun haɗa munin biyun kun bar kyawunsu. Mai bayarwa ba ya miƙa mudun shinkafa sai an ɗauki hoto, an sa a Facebook, tsohuwa na riƙe da leda tana kare fuska da mayafi. Ɗan siyasa ya buga fuskarsa a jikin buhun da aka saya da kuɗin jama'a, a ce ya yi kyauta, mutane na ta godiya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ake ta rabon kayan tallafi, amma ban ga mai tsayawa kan mai awo irin Baffa ba. Gidajenku kuma ba zaure, sai get da katanga mai waya a kai. Almajiri ya yi bara har muryarsa ta dushe ba wanda ya ji. Kakarka tana ƙara tiya guda a tukunya kullum, tana cewa rabon baƙo ne, in bai zo ba na maƙwabci ne, kuma ta sha tuna mana hadisin wanda ya kwana a ƙoshe maƙwabcinsa na jin yunwa.

Ko dole ne? Ba wanda zai kai ka gaban alƙali a kan kwanon tuwo. Ni dai ka fara rubuto mini sunan mai gidan da ke damanka da na hagunka, da abin da kowannensu yake yi, don ina zargin ba ka sani ba. In za ku zo bayan sallah ka taho da abokin nan naka mai cewa sadaka na sa talaka barci, ina son in ji ko yana da katin zaɓe. Ka gaida mai ɗakinka, ka ce mata kukar da ta aiko ta iso.

Kawunka