Amsa ga 'yar uwa mai tari da gumin dare

Salamu alaikum 'yar uwa. Wallahi ina karanta tambayarki gabana ya faɗi, don duk abin da kika lissafa na sha shi: tari ya haura wata, zazzaɓi da yamma, gumi cikin dare, ga rama, kuma an yi maganin taifot da maleriya amma shiru. Ni ba likita ba ce, amma don girman Allah gobe-goben nan ki je a gwada kakinki. Nawa tarin fuka aka gano.

Ma'aikatan lafiya cewa suke duk tarin da ya kai mako 2 bai tafi ba, a yi wannan gwajin. Kuma a nan Zariya ba mu da uzuri, ga cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa a Saye, ga asibitocin gwamnati masu sashen tarin. Gwajin kaki kyauta ne, maganin ma kyauta. Akwai na'ura GeneXpert, ita ke nuna ƙwayar cutar, har ta faɗi ko mai taurin kai ce da ba ta jin magani.

Ni mai kemis ɗin unguwarmu ne ya cuce ni, har yau ban huce ba. Kullum na je sai ya ce, "Hajiya, taifot ne ya yi miki yawa." Ya ɗura min allura, ya rataya ƙarin ruwa a ƙusar bango, ya haɗa ni da kwalbar maganin tari. Kuɗin adashina kaf a shagonsa suka ƙare. Daga baya wata nas ta gaya min cewa wasu magungunan taifot ɗin suna lafar da tarin fuka na ɗan lokaci, mutum ya zaci ya warke, cutar kuwa tana ciki tana cin huhu. Ko sau ɗaya bai ce in je asibiti ba.

Amma abin da ya fi ci min rai facalata ce. Lokacin hunturu ne, kowa na neman bargo, ni kuwa in farka zanina sharkaf. A gidan suna a Tudun Wada tari ya sarƙe ni, na toshe baki da gefen mayafi, ina dubawa sai ga jini. Tana gani ta taɓe baki, ta ce a gaban mata, "Irin wannan ramar ai an san ta." Ƙanjamau take nufi. Tun daga ranar ta ware min kofi da kwano, ta hana 'ya'yanta leƙa ɗakina, har uwar mijinmu ta fara kallona wani iri. Matar da na yi wa jinya lokacin jegonta fa! Alhali cutar nan ta iska ake ɗaukarta, in mai ita ya yi tari, ba ta kofi ko cokali ba. Na bar ta da Allah.

In an ce a yi miki gwajin ƙanjamau da na suga, kada ki ji haushi, haka ake yi, domin masu su sun fi saurin kamuwa. Suga ma yana sa rama, sai dai shi da ƙishirwa da yawan fitsari yake zuwa. Tari da shaƙewar numfashi mai ƙara kan zama asma, in kuma da kumburin ƙafa ne sukan duba zuciya. Shi ya sa ba a zama a gida ana kintace.

Maganin tarin fuka na wata 6 ne. Fitsarinki zai koma ja-ja kamar ruwan lemo, kada ki firgita, aikin ƙwayar maganin ne. Amma in idonki ya yi ɗorawa ko amai ya ƙi tsayawa, ki koma asibiti a ranar, hanta ce ke kuka. Bayan 'yan makonni za ki ji garau, abinci ya dawo, to nan ne mutane ke watsar da magani, cutar ta dawo da ƙarfinta. Kada ki kuskura.

Ki riƙa buɗe taga ko da sanyi ake, ki rufe baki in za ki yi tari. Yaranki, musamman 'yan ƙasa da shekara 5, a kai su a duba, akwai maganin kariya da ake ba su. Maigida ma ya je, duk da na san halin mazanmu da asibiti, nawa sai da na haɗa shi da yayansa.

Ki tafi da sassafe, kuma kakin cikin ƙirji suke so, ba yawu ba. Allah Ya ba ki lafiya, ki dawo ki gaya mana yadda aka yi.