Amsa kan fitilar injin da ke kamawa tana mutuwa

Malam, ka ce fitilar gargaɗin injin motarka takan kama a hanyar Daura zuwa Katsina, bayan kwana biyu kuma ta mutu da kanta. Mutuwarta ba ta nufin matsalar ta wuce, domin kwamfutar motar tana adana lambar laifin ko da fitilar ta ɗauke.

Da farko ka duba murfin tankin mai, saboda rashin ɗaure shi sosai kaɗai yana iya kunna ta. Idan ba shi ba ne, sau da yawa fulogi ne ya gaji, ko na'urar auna iskar oksijin a salansa, ko gurɓataccen man bumburutu. Ka nemi makanikin da ke da na'urar OBD-II mai karanta lambar laifin, wadda ake jonawa a wani mahaɗi a ƙarƙashin sitiyari. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun 1996 duk suna da wannan mahaɗi. Kada ka yarda ya goge lambar kafin ya gano musabbabinta.

Amma idan fitilar ta fara ƙyaftawa, injin kuma yana rawa, to ka rage gudu ka tsaya nan take, domin ɗanyen mai na shiga salansa yana ƙona matatar hayaƙi, wadda sayenta ke da tsada ƙwarai.