Na ɗora manhaja ɗaya ta birkita min setin kwamfuta, wai haka ake yi?

Tambaya daga wani mai shagon buga takardu a Ringim: Salam Malam, sannu da ƙoƙari. Ina da ɗan shago ina taifin da fotokwafi da cike wa ɗalibai fom. Wani abokina ya ba ni wata manhajar buɗe PDF a falash na ɗora, tun ranar komai ya canja, in na buɗe burauza wani shafi daban take kai ni, wajen bincike ma ba Google ba ne yanzu, har hotuna ita ke buɗewa. Ƙanina ya ce wai masu manhajar sun fi ni sanin abin da ya dace shi ya sa. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka gaida min ƙanin naka amma ka ce masa ban yarda ba. Manhaja tana da damar ta tsara nata setin yadda take so tunda nata ne, amma abin da kai ka zauna ka zaɓa da hannunka, burauzar da kake so, shafin da za ta fara buɗewa, abin da zai buɗe maka hoto, wannan ba huruminta ba ne sai ta tambaye ka. Kamar ka ɗauki ɗan ƙwadago ya yi maka noma ne ka dawo ka tarar ya matsar da iyakar gona wai can ta fi kyau.

Kuma yawanci ba don amfaninka ake yi ba, kuɗi ne. Duk binciken da ka yi ta wancan shafin da suka liƙa maka akwai talla a ciki, wani yana samun kamasho. Ba ƙananan kamfanoni kaɗai ba fa, manhajar Java ta yi shekaru tana zuwa da Ask Toolbar, wani ƙarin kayan bincike da ke liƙewa a burauza, an riga an sa maka alama a akwatin amincewa, in ba ka lura ka cire ba shikenan ya shiga. Da Windows 10 ta fito a 2015 ma mutane da yawa da suka sabunta sun tarar Edge ta Microsoft ta zama burauzarsu, har shugaban Mozilla (masu burauzar Firefox) na lokacin Chris Beard ya rubuta wa Satya Nadella na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa kan maganar.

Sai dai mu ma muna da namu, yawancinmu Next Next Next kawai muke dannawa kamar ana korar mu, alhali sau da yawa tambayar tana nan a wani ɗan akwati da ƙananan rubutu. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin neman izini na gaskiya ba tunda su suka sa maka alamar tun kafin ka gani, amma su da shi za su kare kansu. In ka ga Custom ko Advanced lokacin ɗorawa shi za ka zaɓa, a nan ake ɓoye kayan rakiya.

Gyaran ba wuya. Shiga Settings, Apps, Default apps ka mayar da kowane abu wajen manhajar da kake so. Sannan ka shiga setin burauzar ka gyara injin bincike da shafin farko, ka leƙa Extensions, wato ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza, ka goge duk wanda ba ka san lokacin da ya shigo ba, ka kuma duba jerin manhajojin da ke kan kwamfutar ka jera su ta kwanan wata, duk abin da ya shiga rana ɗaya da waccan ta PDF ɗin abin zargi ne. Af, tunda aikin firinta kake, Windows 10 tana da wani zaɓi da ke mayar da firintar da ka yi amfani da ita ta ƙarshe ta zama wadda za a riƙa tura wa aiki kai tsaye, kashe shi a Printers & scanners kada wata rana fom ɗin baƙi da fari ya tafi firinta mai kala ka yi asarar tawada.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Gwarzo: Malam a waya ma suna yin haka? Mai caji ya tura min wasu manhajoji ta Xender, yanzu kibod ɗina ya canja.

Amsa: Malama a Android abin ya fi wuya, sabon kibod ba ya fara aiki sai wani ya kunna shi a setin, wayar ma sai ta yi gargaɗi cewa zai iya ganin duk abin da kike rubutawa. Kenan akwai wanda ya danna, wataƙila shi mai cajin. Ki nemi Keyboard a setin ki mayar da na da, ki goge baƙon, musamman in kina shiga manhajar banki da wayar.

Tambaya daga wani ɗalibin kwamfuta a Kazaure: Ina haɗa wa wata makarantar Islamiyya manhajar sakamakon jarrabawa. In na fitar da sabuwa, in goge tsohon setin nasu in sa nawa? Nawa ya fi daidai.

Amsa: Kar ka soma. Ko da naka ya fi, ba ka san dalilin da ya sa suka canja ba, ƙila hedimasta ne ya ce makin cin jarrabawa 40 ne ba 50 ba, ka goge ka kayar da rabin aji. Ka duba yadda Debian da Ubuntu, manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, suke yi, in sabuntawa ta zo ta tarar mutum ya taɓa fayil ɗin setin sai ta tsaya ta tambaye shi, a bar naka ko a sa sabo ko a nuna maka bambancin, in ya danna Enter kawai nasa ake bari. Su Fedora kuma, wata irinsu, sukan ajiye sabon a gefe da sunan da ya ƙare da .rpmnew. Inda dole sai ka taɓa, misali tsarin fayil ɗin ya canja tsohon ba zai buɗu ba, to ka kwafi tsohon ka ajiye da kwanan wata, ka ɗauko zaɓinsu ka zuba a sabon, sannan ka nuna musu a allo abin da ka canja, da Hausa in da hali tunda malaman ne za su karanta.