Baƙar fatar da ke adawa da fifita baƙaƙe a jami'o'in Amurka

Tambaya: Malam, ni ɗalibin shari'a ne daga unguwar Gwammaja a Kano. Na ji cewa wani alƙali baƙar fata a Kotun Ƙolin Amurka ya goyi bayan soke fifikon da ake ba baƙaƙe wajen shiga jami'a. Ta yaya mutum zai juya wa nasa baya haka?

Amsa: Ɗana, wanda kake nufi shi ne Clarence Thomas, wanda Shugaba George Bush babba ya zaɓa a 1991 don ya gaji Thurgood Marshall, baƙar fata na farko a kotun, majalisar dattawa kuma ta amince da shi da ƙyar, da ƙuri'a 52 a kan 48. An haife shi a 1948 cikin talauci a jihar Jojiya, ya tashi a hannun kakansa a zamanin wariyar launin fata, don haka ba za a ce bai ɗanɗani zafin abin ba.

Aƙidarsa ita ce a fassara tsarin mulki bisa ma'anar da yake da ita lokacin da aka rubuta shi, kuma a ganinsa gwamnati ba ta da hurumin duba launin fatar mutum ko da niyyarta taimako ce. Amma akwai tabon da ke ƙarƙashin wannan. Ya gama karatun shari'a a Jami'ar Yale a 1974, ya kuma sha faɗin cewa masu ɗaukar aiki sun raina takardarsa saboda zaton alfarma aka yi masa. Shi ya sa a hukuncin 2023 kan Jami'ar Harvard, wanda ya soke fifikon, ya tsaya a kan cewa fifikon yana shafa wa wanda aka taimaka baƙin jini.

Ba na ɗaukarsa maci amana, domin mu nan mun san irin wannan gori. Kano tana cikin jihohin da ake keɓe wa gurbi a jami'o'in tarayya saboda koma-baya a ilimin boko, kuma ɗan Arewa nawa ne aka kira ɗan kota, wato wanda ya shiga ta gurbin da aka keɓe, alhali da guminsa ya ci? Inda na rabu da shi shi ne maganin. Yaron da ya yi firamare a ajin da ba kujera, idan aka rufe masa ƙofa don gudun gori, gorin zai ragu, amma shi yana waje. Gyaran firamaren ya kamata ya riga janye gurbin.