Akwatunan Littattafan Baba

Tambaya: Mahaifina ya yi shekara 28 yana kula da laburaren wata makarantar sakandare a Katsina. Duk hutun ƙarshen zango sai ya rataya jakarsa ya nufi Damagaram ko Sakkwato, ya dawo da littattafai. Ya rasu bara. Yaya zan yi da akwatunansa uku?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, 'yar'uwa. Ki fara ɗaga su daga ƙasa ki ɗora kan katako, don gara da danshin damina ba sa jira. Takardun ajami da rubutun hannunsa ki ware su, ki tuntuɓi Arewa House, cibiyar adana kayan tarihi da ke Kaduna. Sauran kuwa, da ni ce, makarantarsa zan mayar wa, amma zan riƙe wanda ya fi yawan buɗewa.