Na ci 141 a gwajin IQ, amma ina shan ƙasa a jami'a

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibi ne aji biyu a jami'a, shekarata 20. Tun firamare ni ke zuwa na ɗaya kuma wallahi ba wani karatu nake ba, in na ji abu sau ɗaya shikenan ya zauna. Kwanaki na yi gwajin IQ, wato na auna kaifin basira, a waya suka ba ni 141 har suka ce in tura kuɗi su aiko min da satifiket. To amma tunda na shigo jami'a abu ya juya, zangon da ya wuce kwas biyu na faɗi, ga abokai sun fara ja baya wai ina da girman kai na cika gyara wa mutum magana. Lambar nan gaskiya ce? In gaskiya ce to me ke damuna? Ƙaninki daga Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kuɗin satifiket ɗin nan dai riƙe abinka ka ci abinci da su.

Gwajin gaske irin na Wechsler ba a waya ake yi ba, zama ake gaba da gaba da masanin halayyar ɗan Adam sama da awa guda, ya tambaye ka ma'anar kalmomi, ya zube maka 'yan tubala masu ja da fari ya ce ka haɗa zane yana duba agogo, ya karanto lambobi ya ce ka maido masa su daga ƙarshe zuwa farko. Lambar da za ta fito kuma matsayinka ne cikin sa'anninka, 100 ita ce tsakiya, kusan kashi 68 cikin ɗari na mutane suna tsakanin 85 da 115, masu haura 130 kamar biyu ne cikin ɗari, 141 kuwa kamar mutum uku ne cikin dubu. Amma kowa ya yi na waya sai ka ji ya ce 130 da wani abu, ai ka san da walakin. Ko na gasken ma yakan yi sama ko ƙasa da kamar maki biyar, kuma yawanci da Turanci ne, da mutanen Amurka ko Ingila aka daidaita ma'aunin.

Ban ce ba ka da kai ba fa, daga labarinka ma na ga kana da shi. Sai dai shi Alfred Binet da ya fara abin nan a Faransa a 1905, yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a aji yake nema, bai ma yarda basira abu ce da ke tsaye wuri ɗaya ba. Daga baya a 1921 Lewis Terman na jami'ar Stanford ya tattara yara wajen 1,500 masu manyan maki a Kaliforniya aka bi rayuwarsu har tsufa, da yawa sun zama likitoci da lauyoyi da malaman jami'a, wasu kuma rayuwa irin ta kowa suka yi. Babu ko ɗaya da ya ci kyautar Nobel. Wani yaro William Shockley da aka gwada aka ce makinsa bai kai ba, shi ya ci ta a 1956.

Abin da ke damunka a ganina ba ka taɓa koyon karatu ba. Wanda yake zuwa na goma sha biyar a ajinku tun yana ƙarami ya saba da zama a kan abin da bai gane ba har ya gane, kai kuwa yanzu ne karon farko da littafi ya ƙi ka, sai ka rufe ka ɗauki waya kana neman wanda zai ce maka har yanzu kai gwani ne. Ka ware awa biyu kullum bayan asuba, waya a wani ɗaki, ka karanta shafi uku ka rufe ka rubuta abin da ka tuna, ka buɗe ka ga inda ka yi wa kanka ƙarya. Da ciwo kam. Sannan ka nemi tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ka je wurin ɗan ajinku da ya ci kwas ɗin ko da kana ganin ka fi shi kai, ka ce ya koya maka.

Batun abokai kuma, haba ƙanena, kuna zaune wurin mai shayi mutum yana cikin ba da labarin ƙwallo ya ce a minti na tamanin aka ci, kai ka ce a'a saba'in da takwas ne, to ka ci riba nawa? Labarin ya mutu, shi ya ji kunya. Ka bar mutum ya kai aya, in kuskuren zai cutar da wani ka ja shi gefe, in ba haka ba ka kurɓi shayinka. Kuma ka riƙa tambaya, makanike da ke jin ƙarar inji ya gane ciwon mota yana da abin da zai koya maka.

In kuma ka ga barci ya ƙi, ko ƙunci ya daɗe maka makonni, ka ga likita kar ka ce na masu basira ne. Ka sake rubuto min bayan jarrabawa in ji yadda kwas biyun nan suka kaya.